Siriri ma na iya tara kitse a jini

Aikina gwajin jini ne, a wani ɗan ƙaramin ɗakin gwaji nan cikin garin Sakkwato, kuma in ka ce in lissafa maka abin da mutane ke zuwa nema da ƙafarsu ba tare da likita ya turo su ba, ba sai na yi dogon tunani ba: maleriya, taifot, gwajin ciki, jinotayif da sauran gwaje-gwajen kafin aure, sai suga jefi-jefi. Gwajin kitsen jini kuwa sai in likita ya rubuta, shi ma galibi bayan abu ya riga ya faru, an kwanta asibiti an tashi, ko ɓarin jiki ya shanye, ko an ce zuciya ta taɓu. Wato muna auna shi ne lokacin da ya gama ɓarnar da ya daɗe yana yi. Kuma abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ake kawowa ba tsofaffi ba ne duka, akwai 'yan arba'in da ɗoriya, magidanta masu ƙananan yara, wasu ko furfura ba su fara ba.

In ka ce wa mutum ya auna kitsen jininsa amsar kusan ɗaya ce kullum, zai dubi jikinsa ya yi dariya ya ce maka, malam mi za a auna, ni da ko tumbi ban da? To ai kitsen da ke ƙarƙashin fata daban, wanda ke yawo cikin jini daban. Na sha fitar da sakamakon mutum siriri wanda iska ma za ta iya ɗauka, kolestarol ɗinsa, wato babban nau'in kitsen jinin nan, ya yi sama sosai, na kuma fitar da na wata hajiya mai jiki nata lafiya lau. Ba cewa nake ƙiba ba ta da illa ba, za mu zo kanta, amma ido ba ya yin wanga gwaji.

Kolestarol ba guba ba ne. Jiki na buƙatarsa, da shi ake gina bangon ƙwayoyin jiki, da shi ake haɗa ruwan matsarmama da wasu sinadaran jinsi na maza da mata, kuma mafi yawansa hanta ce ke ƙera shi da kanta, ba daga abinci kai tsaye yake zuwa ba. Matsalar ita ce kitse ba ya narkewa cikin ruwa, jini kuma ruwa ne, saboda haka sai an naɗe shi cikin wasu 'yan ƙananan ƙunshi masu furotin a jikinsu kafin ya iya tafiya, su ne likitoci ke ce wa lipofurotin. Ni in ina yi wa mutane bayani kabu-kabu nake kawo musu, kolestarol fasinja ne, lipofurotin su ne baburan. Cikin baburan akwai waɗanda ake ce wa LDL da waɗanda ake ce wa HDL, LDL su ne masu kwasar fasinja zuwa cikin gari, HDL masu kwaso wasu su maido su hanta. Abin da muke rubutawa a takarda mu ce LDL kaza, yawan fasinjan da ke bisa baburan ne, ba yawan baburan ba. Akwai wani gwaji da ake kira ApoB wanda shi baburan yake ƙirgawa, don kowace ƙwaya mai yin ɓarna tana ɗauke da furotin mai suna ApoB guda ɗaya tak, kuma masana da yawa na ganin ya fi faɗin gaskiya musamman ga mai ciwon suga ko mai tumbi, don su kan samu baburan da yawa kowane da ɗan fasinja kaɗan, takarda ta nuna abin bai yi tsanani ba alhali hanya ta cika. Sai dai ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba a nan.

Yadda ɓarnar ke faruwa kuwa, ba wai kitsen na kwanciya cikin hanyar jini ba ne yana cika ta a hankali yadda mutane ke zato. Cikin bangon jijiyar yake shiga. Ƙwayoyin LDL na ratsa siririn shimfiɗin da ke cikin jijiya su maƙale a ƙarƙashinsa, su lalace a can, sai fararen ƙwayoyin jini su zo su cinye su don su share wurin, su ma su cika su mutu a nan, kumburi ya tashi, jiki ya yi wa wurin wani ɗan murfi. Shekara da shekaru ana haka mutum bai jin komai, yana zuwa kasuwa yana zuwa ofis. Ranar da murfin nan ya tsage, jini na ganin rauni sai ya daskare a wurin, gudan jinin ya toshe hanyar cikin mintuna, naman zuciyar da ke gaba ya rasa jini ya fara mutuwa. Shi ne bugun zuciya. In a jijiyar ƙwaƙwalwa abin ya faru shi ne irin shanyewar ɓarin jiki da toshewa ke kawowa. Kuma sau da yawa tarin da ya fashe ba wanda ya riga ya matse hanya sosai ba ne, shi ya sa za ka ji a wurin gaisuwa ana cewa wallahi tare munka yi sallar isha'i lafiyarsa ƙalau, kuma gaskiya suke faɗa, ba abin da ya nuna.

To yaushe abin ke farawa? Nan ne ya kamata matasa su buɗe kunne. A 1953 wasu likitocin sojan Amurka sunka buga sakamakon binciken gawar sojojinsu 300 da anka kashe a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu 22, samari ƙarfafa da sunka ci gwajin lafiya kafin a ɗauke su, amma kusan kashi 77 cikin 100 an ga alamun tarin nan a jijiyoyin zuciyarsu. Daga baya, tun farkon shekarun 1970, wani likita Gerald Berenson ya fara bin yaran wani ƙaramin gari mai suna Bogalusa a jihar Luwiziyana, baƙaƙe da farare, ana auna su tun suna makaranta. Waɗanda sunka rasu da ƙuruciya ta hatsari ko wani dalili aka duba jijiyoyinsu, sai anka ga wanda LDL ɗinsa da hawan jininsa da nauyinsa sunka fi yawa tun yana yaro shi ya fi tarin, kuma in abubuwan sun haɗu biyu ko uku ga mutum ɗaya ɓarnar ta fi yawa nesa ba kusa ba. Wato wanda ya faɗi yana da 45, ginin ciwon nan tun yana sakandare anka aza harsashinsa.

Saboda haka lissafin ba yawan LDL kaɗai ba ne, yawansa ne a haɗa da tsawon shekarun da jijiya ta yi tana fama da shi. Akwai binciken da ya fi burge ni a kan haka don a kan baƙar fata anka gan shi ƙarara. A 2006 Helen Hobbs da Jonathan Cohen da abokan aikinsu a Dallas sunka nuna cewa cikin baƙaƙen Amurka da anka bi tsawon shekara 15, kusan kashi 2.6 cikin 100 an haife su da wani canji a ƙwayar gado mai suna PCSK9 wanda ke sa LDL ɗinsu ya yi ƙasa da na sauran mutane da kusan kashi 28. Ba wani babban bambanci ba ne in ka dube shi a takarda. Amma ciwon jijiyar zuciya ya ragu a cikinsu da kashi 88. Dalili, tun daga haihuwa suke a haka. Ragi kaɗan na shekara hamsin ya fi babban ragi na shekara biyar da anka fara bayan an tsufa.

Yanzu takardar sakamakon. Mu nan wasu wurare na rubutawa da ma'aunin mmol/L wasu da ma'aunin mg/dL, kuma wanga na rikita mutane sosai, mutum ya ga 5 a wuri ɗaya ya ga 190 a wani ya ɗauka wani ya yi masa ƙarya, alhali kusan abu ɗaya ne, ana ninka na farko da kusan 39 ne a samu na biyu in kolestarol ne. A ma'aunin mmol/L, ga wanda bai da wani ciwo, ana son jimillar kolestarol ta tsaya ƙasa da 5, LDL ƙasa da 3, tiraigilisarayid, wani nau'in kitsen jini da muke rubutawa TG, ƙasa da 1.7, HDL kuma kada ya gaza 1 ga namiji, mace ya ɗan fi haka. Amma in mutum na da ciwon suga, ko ƙoda, ko ya taɓa samun bugun zuciya, LDL 3 ɗin nan ya yi masa yawa, likita zai so ya sauko ƙasa da 1.8 ko ma 1.4. Don haka ka daina gwada takardarka da ta abokinka a majalisa. In kuma LDL ya kai 4.9, wato 190, wanga ba zancen rage cin tsire ba ne kawai, a fara tunanin gado.

HDL da ake ta yabo ana ce masa mai kyau, ni na rage ɗokinsa. Gaskiya ne wanda nasa ya yi ƙasa ya fi shiga haɗari, amma da kamfanin Pfizer ya yi wani magani torcetrapib wanda ya ɗaga HDL sama sosai, dole anka tsayar da gwajinsa a ƙarshen 2006 don masu shansa sun fi mutuwa. Ƙarancin HDL dai alama ce ta cewa wani abu na tafiya ba daidai ba, yawanci tumbi da rashin motsa jiki da taba da suga, amma yawansa ba laya ba ne, bai goge laifin LDL. TG kuwa, akwai ranar da za ka juya jinin mutum a inji ka ga ruwan saman da ya kamata ya fito garau ya fito fari ya turnuƙe, kafin ma ka auna ka san labari. Kuma abin mamaki ba mai ne kaɗai ke ɗaga shi ba, siga da lemun kwalba da farar shinkafa da burodi da shayin nan mai kauri da ake zuba wa madarar gwangwani da siga cokali huɗu, hanta na juya rarar su ta koma kitse.

Zancen gado nake so in daɗe a kai don shi ne ya fi kashe mutane da sauran ƙarfinsu kuma shi anka fi yin sakaci da shi. Akwai ciwon da ake haihuwar mutum da shi, hantarsa ba ta iya janye LDL daga jini yadda ya kamata don 'yan ƙofofin da ke kama shi sun yi kaɗan ko ba su aiki. Michael Brown da Joseph Goldstein su sunka gano ƙofofin nan, har anka ba su kyautar Nobel a 1985. Kusan mutum 1 cikin 250 a duniya na da shi, ka ga ba abu ne mai wuyar samu ba, ka lissafa mutanen unguwar Mabera kaɗai ko Runjin Sambo nan Sakkwato ka gani. In uba ko uwa na da shi, kowane ɗa na da rabi da rabi na ɗauka. Namijin da ke da shi bai sha magani ba, kusan rabinsu na samun ciwon jijiyar zuciya kafin shekara 50. Irin wanga mutum ko ganye kaɗai yake ci LDL ɗinsa ba zai sauko inda ake so ba. Wani lokaci jiki na nuna alama, wani rawaya-rawayan tabo a fatar ido, kauri ko ƙulu a agarar ƙafa ko bayan yatsun hannu, farin zobe kewaye da baƙin ido ga wanda bai kai 45 ba, amma da yawa ba su da ko ɗaya. In kuma uwa da uba duka na da shi yaro ya ɗauko ta ɓangare biyu, abin na iya taɓa zuciyarsa tun bai kai ashirin ba, kuma mu da auren zumunci ya yi yawa a cikinmu ya kamata mu san cewa haɗuwar biyun ta fi sauƙi a cikin dangi ɗaya. Ba kushe auren zumunci nake ba, ni ma ɗan gida ne, yadda munka karɓi gwajin sikila haka ya kamata mu karɓi wanga.

Gidan da za ka ji an ce baba ya rasu da 48 yana zaune a shago, ƙanensa ya faɗi a gona, yanzu kuma babban ɗa na kukan ƙirji, sai a fara waige-waige ana neman wanda ya yi jifa, a zargi kishiya, a zargi abokin kasuwa, zumunci ya lalace. Likitoci na da ma'auni mai sauƙi: in mahaifi ko ɗan'uwa namiji ya samu ciwon zuciya kafin 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65, to duk 'yan gidan su auna, har yara.

Akwai kuma wani ɗan'uwan LDL da ake rubutawa Lp(a), wani masani ɗan Norwe Kåre Berg ya gano shi a 1963. LDL ne da anka liƙa wa wani ƙarin furotin, yana shiga bangon jijiya kuma yana taimaka wa jini daskarewa. Kusan mutum 1 cikin 5 nasa na da yawa, kusan duka gado ne, abinci da motsa jiki ba su cika taɓa shi ba, magungunan kolestarol na yau da kullum ma ba su sauke shi, kuma mu 'yan asalin Afirka a matsakaici namu ya fi na Turawa yawa. Ba ya fitowa a gwajin kitse na kullum sai an nema shi da sunansa, amma sau ɗaya a rayuwa ya isa don ba ya canzawa sosai. Za ka ce to mi ne amfanin sanin abin da ba a iya saukewa? Amfaninsa shi ne wanda nasa ya yi yawa ba shi da sararin wasa da sauran abubuwan, dole ya matse LDL da hawan jini fiye da kowa.

Don kitsen jini bai aiki shi kaɗai. Tun 1948 anka fara bin mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka ana auna su duk bayan shekara biyu, daga nan duniya ta fara gane cewa hawan jini da kolestarol da taba da suga ke haɗuwa su kawo ciwon zuciya. A 2004 kuma Salim Yusuf da tawagarsa sunka fitar da binciken INTERHEART, ƙasashe 52 har da na Afirka, mutum wajen 15,000 da sunka samu bugun zuciya na farko anka gwada su da kusan adadinsu da ba su samu ba, sai ga shi abubuwa tara kacal sun ɗauki kusan kashi 90 na haɗarin: kitsen jini, taba, hawan jini, suga, tumbi, damuwa, ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itace, rashin motsa jiki, da batun giya. Kitsen jini da taba su ne a sahun gaba. Kuma ba tarawa suke ba, ninkawa suke, mai LDL 3.5 wanda ke shan taba ga hawan jini ya fi mai LDL 4.2 da bai da komai shiga haɗari.

A nan gida kam in za a faɗi gaskiya hawan jini ne sarki. Shi ya fi kawo kumburin zuciya da shanyewar jiki a asibitocinmu, duk wanda ya taɓa jinya a sashen manya na asibitin koyarwa na UDUTH ko asibitin Specialist nan Sakkwato ya gani da idonsa. Binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a Najeriya da Ghana, har da Kano da Zariya, wanda anka buga a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa wajen kawo shanyewar jiki, kitsen jini na biye, cin ganye kuma na karewa. Hawan jini na gurje shimfiɗin cikin jijiya ne, ya sauƙaƙa wa LDL shiga. 140 bisa 90 ko sama da haka in ya maimaitu to hawan jini ne ko kai na ciwo ko bai ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, mu kuwa a tukunya ɗaya ga gishiri ga dunƙule biyar ga kanwa, a kawo yaji shi ma da gishiri da dunƙule a ciki a barbaɗa.

Taba ba ni da dogon zance a kanta. Wani babban nazari da anka buga a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya tak a yini na ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciyar mai shan ashirin, don haka zancen na rage ba ya fisshe ka. Shisha da samari da 'yan mata ke zuƙa ana ganin gayu ce, hayaƙin taba ne da na gawayi, ruwan da ke ƙasa bai tace komai na kirki.

Tumbi da suga tafiyarsu ɗaya. Kitsen da ke cikin ciki kewaye da hanji da hanta shi ke sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, TG ya hau, HDL ya sauka, LDL ya koma ƙanana masu saurin kutsawa. Ka samu zare ka auna tsawonka, ka ninka shi biyu ka zagaya cibiya, in bai kai ba tumbin ya wuce rabin tsawonka, ya yi yawa. Mu kuma mun mai da tumbi shaidar an samu, ango ya yi wata uku a ce amarya ta iya girki. Ga zama, daga gida zuwa masallacin unguwa ma sai an tada mashin. Na san zafin garin nan, ba wanda zai ce ka fita tafiya da azahar a watan Afrilu, amma bayan asuba kafin rana ta ɗaga akwai sarari, mintuna 150 a sati ake nema, wato rabin awa kwana biyar, tafiya mai ɗan sauri da za ta sa ka huci.

Sai abinci, inda ake faɗa da ni kullum. Wani dattijo ya taɓa ce mani, yaro kakanninmu man shanu sunka sha da fura har sunka kai ɗari. Na ce Baba gaskiya ne, amma su da ƙafa suke zuwa gona su yini suna noma, furarsu gero ce da nono ba siga, nama sai ranar kasuwa ko salla, kuma waɗanda sunka faɗi da arba'in a zamanin ba wanda ya auna su balle a san dalili. Kitsen dabba, man shanu, kitsen tsire da balangu da muke cewa mai nama ya ƙara mana, ƙwaƙwalwa, kayan ciki, su ne ke sa hanta ta rage janye LDL. Manja ma kusan rabinsa irin wanga kitse ne mai daskarewa duk da daga itace ya fito. Kuma rubutun nan da ake yi a jarkar mai cewa babu kolestarol a ciki, ai duk man da ya fito daga tsiro ba shi da kolestarol tun asali, talla ce kawai, abin tambaya shi ne wane irin kitse ne a ciki. Man gyaɗa da na waken suya da na riɗi sun fi, muddin ba a maimaita suya da su har su yi baƙi ba. Mafi muni shi ne man da anka daskarar a masana'anta da ake sa wa wasu biskit da kek da bota, wanda a 2023 Najeriya ta kafa dokar kada irin kitsensa ya wuce giram 2 cikin 100.

Abin daɗin shi ne abin da ke taimakawa ba daga waje ake kawo shi ba. Wake, gero da dawa da ba a surfe su sun zama fari fat ba, kuɓewa, kuka, zogale, rama, yakuwa, gyaɗa, kifi. Yauƙin kuɓewa da wake na kama wani abu na kolestarol a hanji ya fita da shi. Albasa da tafarnuwa kam Allah ya hore mana su a ƙasar nan, a ci, amma kada wani ya ce maka tafarnuwa za ta maye gurbin magani, abin da take ragewa kaɗan ne.

Maganin da ya fi aiki shi ne dangin satatin, su atorvastatin da rosuvastatin da simvastatin. Wani Bajapane Akira Endo ya fara samo irinsa daga naman gwari a shekarun 1970, a 1994 kuma gwajin mutum 4,444 masu ciwon zuciya a ƙasashen arewacin Turai ya nuna simvastatin ya rage mutuwa da kusan kashi 30. A dunƙule duk saukar LDL da 1 a ma'aunin mmol/L na rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya sha wata biyu ya dawo mu auna ya ga ya sauka, ya ce alhamdulillahi na warke, ya ajiye. Bai warke ba, maganin ne ke riƙe da shi, yana bari zai koma inda yake. Wasu na samun ciwon gaɓɓai da tsoka, a koma wurin likita ya canza ko ya rage, mai ciki ko mai neman ciki kuma ta faɗa kafin a rubuta mata. Masu lasifika a bakin kasuwa da ke sai da garin da ke narkar da kitse ya wanke jijiya cikin kwana bakwai, har yau ban ga takardar da ta gyaru ta hanyarsu ba. Asfirin ma da wasu ke sha kullum don sun ji yana tsinka jini, ba na kowa ba ne, yana iya jawo zubar jini a ciki.

Mata kada su ɗauka zancen maza ne. Yawanci nasu na zuwa ne baya da kusan shekara goma, bayan al'ada ta ɗauke LDL na hawa, amma suga da taba na share wagga kariya, kuma wadda ta taɓa hawan jini ko jijjiga ko suga lokacin ciki tana cikin waɗanda ya kamata a riƙa dubawa tun da wuri.

Wani abu da ke cin mutane a nan shi ne komai olsa ne. Nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga zufa mai sanyi ga numfashi sama-sama, sai a aika yaro kemis ya sayo maganin olsa ko a jiƙa kanwa a kwanta a ce zuwa safe. Ciwon ƙirjin da ke zuwa in ka yi sauri ko ka hau bene ya lafa in ka tsaya, zuciya ce ke kuka. Wanda ya wuce minti goma sha biyar yana zaune bai lafa ba, asibiti ne a take a yi awon zuciya na ECG, don naman zuciya na mutuwa ne awa bayan awa kuma wanda ya mutu bai dawowa. Masu suga da mata da tsofaffi ma wani lokaci ba ciwon ƙirjin, sai kasala mai tsanani da amai da haki.

Na san za a ce ajali in ya zo ba makawa, kuma haka ne, ba mai ja da wannan. Amma ba mu ce haka mu ƙi kai yaro asibiti in zazzaɓi ya kama shi ba. Wanda ya kai arba'in ya auna, mai hawan jini ko suga ko ciwon ƙoda ko mai shan taba kada ya jira arba'in, wanda kuma anka yi mutuwar farat ɗaya a gidansu da ƙuruciya ya auna yanzu ko shekararsa ashirin, ya ja ƙannensa su ma. Wasu wuraren za su ce ka zo ba ka karya ba, awa 9 zuwa 12 ba abinci sai ruwa, musamman in TG ake son gani da kyau, don haka ka tambaya kafin ka taso. Kada ka auna kana tsakiyar zazzaɓi ko ka tashi daga jinya kwanan nan don lambobin na sauka su ruɗe ka. In ka karɓi takardar ka kai wa likita ya haɗa ta da awon jininka da sugarka da shekarunka da tarihin gidanku, kuma ka ɗauke ta hoto a waya, don in ka dawo bayan shekara ita za mu fara tambayarka.